Tambayi Likita: Maki ko hoto, wanne ya fi gano ciwon afendis?

Tambaya: Likita, ɗana ya kwana da ciwon ciki, likitan da ya duba shi ya ce ya samu maki shida, sannan ya tura mu ɗaukar hoto. Shin makin bai wadatar ba ne? Daga wata uwa.

Amsa: Malama, ina kyautata zaton ma'aunin Alvarado aka yi amfani da shi, wanda aka fitar a 1986 don auna yiwuwar ciwon afendis, wato kumburin wani ɗan ƙaramin reshen hanji. Yana tattara alamomi takwas da jimillarsu ta kai maki goma, ciki har da zazzaɓi, amai, rashin son abinci da ƙaurar ciwo daga cibiya zuwa ƙasan ciki ta dama. Zafin taɓa wannan wuri da yawaitar fararen ƙwayoyin jini kowannensu maki biyu ne.

A ganina, ƙarfin ma'aunin ya fi bayyana idan maki bai wuce huɗu ba, domin a nan da wuya a ce afendis ne. Maki biyar ko shida kuwa matsayi ne na kokwanto, kuma a nan hoto yake raba gardama. Ga yara da masu juna biyu ana farawa da hoton sauti, wato sikanin, saboda ba ya amfani da hasken radiyeshin, sai dai ingancinsa ya dogara ga ƙwarewar mai ɗauka, kuma wani lokaci ba ya hango afendis ɗin. Hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke haɗawa daki-daki da hasken radiyeshin, ya fi shi tabbaci, amma saboda radiyeshin ɗinsa ana jinkirta shi ga yara har sai sikanin ya kasa ba da amsa.