Yadin roba da ake yankewa ba wibin ba kalmasa: wane irin zare ne a ciki?

Tambaya: Salam Malam. Ni mai ɗinki ce a Kano, ina ɗinka hular ciki ta hijabi da legins da bes na mata. Na sayi wani yadin roba a Kantin Kwari, in na yanka shi da almakashi bakin baya warwarewa kuma baya nannaɗewa, ko wibin ban masa ba, amma da na koma na sayo wani mai kama dashi sai ya dinga zarewa. Meye bambancin? Kuma ƙanena yana da injin saƙa suwaita, zai iya sayen zaren ya saƙa mun, ni kuma in goge da dutsen guga?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Yadin farko da kika samu, bisa yadda kika siffanta shi, an saƙa shi ne da zaren roba mai mannewa da zafi, na biyun kuma zaren roba ne na gama-gari. A ido duk ɗaya ne, shi yasa ko mai shagon ma ba lallai ya sani ba.

Shi zaren roban da ke cikin irin waɗannan yadika sunansa sifandes, a Turai suna ce masa ilasten, kuma wani masani Joseph Shivers ne ya samar dashi a kamfanin DuPont na Amurka a 1958, shine aka riƙa sayarwa da sunan Lycra. Siriri ne sosai, yana miƙewa har ninki biyar ko fiye ya dawo, kuma ba a saƙa shi shi kaɗai, ana haɗa shi ne da nailan ko foliyesta ko auduga su shiga allura tare, shi yana ɓoye a baya. To matsalar saƙa irin ta singileti ita ce madauki ne cikin madauki, kowane yana rataye da ɗan'uwansa, da zarar almakashi ya datse ɗaya babu abinda ke riƙe na ƙasa dashi, sai ki ga layi ya zare tun daga sama har ƙasa. Sifandes na gama-gari baya hana wannan, wani lokaci ma shi ke ƙara jan bakin yadin ya nannaɗe.

Mai mannewa kuwa an yi shi ne yadda zai yi laushi a zafin da bai kai na sifandes na gama-gari ba. Iri biyu aka fi sani. Akwai wanda zaren gaba ɗaya an yi shi da sinadarin da ke saurin laushi, kamar Mobilon na kamfanin Nisshinbo a Japan. Akwai kuma mai ciki da riga, kamar wayar lantarki, cikin yana jure zafi ya riƙe ƙarfin ja, rigar waje ita ke narkewa, irin wannan dabarar ce a Lycra Fusion da aka fitar saboda dogayen safar mata masu yawan zarewa. Bayan an gama saƙa sai a shigar da yadin injin zafi, duk inda zaren roba ya gitta kan wani zaren roba sai su manne, wato kowane madauki ya samu ɗan ɗigon walda, sai yadin ya zama akwai raga a ɓoye cikinsa. Kin yanka ko ina ne, madaukin da ke kusa yana manne da maƙwabcinsa, ina zai je?

Amma fa, kuma nan ne nake so ki tsaya ki duba da kyau, zaren shi kaɗai baya yin komai. Aikin yana wajen zafi. A masaƙa ana miƙe yadin a wani dogon inji mai riƙe gefe da gefe, ya ratsa ta cikin ɗakunan iska mai zafi a faɗin da aka ƙayyade, na daƙiƙoƙi ƙidayayyu, ba a kai minti biyu. Sifandes na gama-gari ana daidaita shi wajen digiri 190 a ma'aunin Celsius, masu mannewa kan kama ƙasa da haka gwargwadon irinsu, safa kuma da tururi ake yi mata a kan ƙarfe mai siffar ƙafa. In zafin ya gaza mannewar bata kama ba, wanki biyu uku ta saki. In ya yi yawa zaren ya mutu, yadin ya ƙi dawowa in an ja shi, gwiwar legins ta yi buhu, farar auduga kuma ta koma ruwan ɗorawa. Sannan dole zaren ya shiga kowane layi na saƙar, masu son arha su kan sa shi layi ɗaya su tsallake ɗaya, to da wa zai manne?

Shi yasa maganar dutsen guga ban baki goyon baya ba gaskiya. Dutsen guga zafinsa hawa yake yana sauka, nan ya ƙone can bai taɓa ba, ga wutar tamu da kin san halinta, kuma babu abinda zai riƙe yadin a faɗi ɗaya lokacin da yake hucewa. Injin ƙanenki ma bai dace ba, zaren siriri ne ƙwarai, yana buƙatar na'urar da ke sakin sa da ja iri ɗaya kusan ninki uku, injin suwaita na hannu bashi da ita, kuma zaren suwaitar makaranta yawanci akirilik ne, zafi kaɗan yake sa shi ya saki jiki ya lanƙwashe.

In dai bakin hannu da ƙugun suwaita ƙanenki yake so su riƙe, ya nemi zaren roba mai rufi, wanda aka naɗe da nailan, wannan baya buƙatar zafi. Kar kuma a sayar masa da zaren nailan mai narkewa a ce shine, wancan daban ne, akwai mai narkewa tun a digiri 85 ko 110, ana sa shi a saman takalman gudu na saƙa da bakin kwala don su yi tauri, baya miƙewa sam.

Ke kuma in zaki saya, ki roƙi ɗan ƙyalle ki yanka shi a tsaye da a kwance, ki ja bakin da ƙarfi ki kankare da farce. In madauki ya fara gudu ko bakin ya naɗe, ba shi bane. In sun yarda ki tafi da ƙyallen ki wanke sau biyu ki sake gwadawa kafin ki ɗauki bandir. Ki sani kuma baki ne kawai baya son wibin, inda kika haɗa ƙyalle biyu sai an ɗinka da ɗinki mai miƙewa da allura mai dakusasshen baki, in ba haka ba allurar zata huda zaren. Kwastomominki ki gaya musu banda bilic, sinadarin kilorin da ke cikinsa na cinye sifandes, guga kuma da ƙaramin zafi.