Gyara kayanka: amsa ga ɗana mai koyon tuƙin jirgi

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai malamanku na Zariya sun ce in kana kujerar dama ta mataimakin matuƙi ka ga kyaftin yana gangaro da jirgi ba daidai ba, dole ka buɗe baki ka ce a fasa sauka, shi ne kake tambaya ko hakan bai saɓa wa tarbiyyar gidanmu ba, tunda yaro ba ya yi wa babba gyara. Na yi dariya, don na tuna yadda kake durƙusawa ko ruwa za ka miƙo mini. Amma da na kwanta sai abin ya tsaya mini a rai. Kunyar da muka koya maka ta tsakar gida ce, ba mu san za ka hau sama da ita ba, ga rayukan bayin Allah a bayanka.

Ranar Litinin 22 ga Janairu 1973 mahaifiyarka tana goye, ni kuma ina jiran shagon kakanka a Fagge. Lokacin dawowar alhazai ne, ga hunturu, hazo ya rufe gari. Da hantsi sai ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe ta wajen filin jirgi. Kafin ka ce kwabo titi ya cika, masu keke, masu gudu da ƙafa, tsofaffi suna salati, don kusan kowace unguwa akwai wanda take jira daga Makka. Na bar shagon a buɗe na bi su. Ashe jirgin ma Legas ya nufa daga Jidda, rashin kyawun yanayi a can ya sa aka juyo da shi Kano. Boeing 707 ne. Da tayar gaba ya fara dira, ƙafar ta karye, jirgin ya wulwula ya bar titi, wuta ta tashi. Cikin mutum 202, 176 suka rasu, mutanen da ba su daɗe da yin ɗawafin bankwana ba. Warin ƙunar nan har yau ban manta shi ba. Da daddare kakanka ya ƙi cin tuwo, abin da ya ce kawai shi ne matafiyi bai iso ba sai ya sauke kaya. Tun daga ranar ba ya cewa wane ya dawo sai ya gan shi da ido.

Bayan na kama aikin kashe gobara a filin jirgi, na sha jin tsofaffin matuƙa suna cewa sauka ta fi tashi wuya. Mutum ya zo da gudu fiye da kima, ko ya yi sama da yawa, sai ya dira a tsakiyar titi, in an yi ruwa birki ba zai riƙe ba. Ko iska ta buge shi ta gefe. Ga gajiya, ga ɗokin a isa. Maganin da suka sani ɗaya ne: a ƙara wuta a tashi, a zagayo. A Fatakwal, Disambar 2005, jirgin Sosoliso ya ci gaba da gangarowa cikin hadari har ya wuce inda ya kamata a yanke shawarar sauka ko fasawa, alhali ba su ga titi ba. Da suka so tashi lokaci ya ƙure. Mutum 108 suka tafi, da yawansu yara 'yan makaranta masu zuwa hutu.

Malaminmu na allo yakan ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kuma ka duba masallaci. In liman ya miƙe a inda ya kamata ya zauna, ko almajiri ne a sahu yana iya cewa subhanallahi, liman ya gyara, a sallame, kowa ya ba shi hannu. Wa ya taɓa cewa an raina shi? Babba juji ne, in ji magabata, shi ake kawo wa mai daɗi da marar daɗi.

Abin da ke damuna da mutanen yanzu, sun juya abin. A kan wofi ba sa jin kunyar kowa, yaro ya zagi sa'an ubansa a waya. Amma inda shiru zai kashe mutane, nan ake noƙewa don kada a ɓata wa oga rai. Fasinjoji ma haka, in aka fasa sauka aka kai su wani gari sai gunaguni, wai an ɓata musu lokaci. Tayoyi ba su gama tsayawa ba sun miƙe suna jawo jakunkuna, ko alhamdu lillahi babu.

Batun ko za ka riƙa ce wa kyaftin ranka ya daɗe a cikin jirgin kuwa, ka bar shi sai ka zo hutun Sallah mu zauna. Ka gaida abokan karatunka, ka kuma kira mahaifiyarka, tun da ka fara hawa sama ba ta barci sosai.