Ranar Da Na Bar Jirgi Da Kaya a Bakin Ruwan Yelwa

Jiya muna kwance inji ka tambaye ni, wai idan jirgi ya dawo daga doguwar tafiya me ake fara yi, wanke shi ko sauya man inji. Na yi maka shiru ne don tambayar ta fama mini tsohon miki. Zauna ka ji, kuma ajiye wayar nan.

Wanki da sauya mai ba zan ɓata bakina a kansu ba, yaron da ke sayar da rake a tasha ma ya san su. Abin da ake fara yi shi ne sauke kaya. Ko ƙarfe biyun dare kuka iso, a sauke. Sai ka kwashe ruwan ciki tas, ka ɗaga katakon shimfiɗa, ka riƙe tocila a haƙori, ka bi duk inda katako ya haɗu da katako kana shafawa da tafin hannu. Bayan nan ka tafi ka gaida uwarka.

A farkon 1994 na koyi wannan, watan da aka karya darajar sefa. Mun haura Kogin Kwara tun da farin ruwa, wato cikar kogi ta damina, muka wuce Gaya da Yamai da Ayoru, muka shiga Mali har kusa da Gao, inda masuntanmu Sarkawa ke da sansani. Wata huɗu muna bin su muna sayen kifin banda. Da sefa ta faɗi, 'yar nairar da ta rage a hannuna ta yi daraja, na zuba ta duka a kifi, giwan ruwa da tarwaɗa, ban bar ko na shayi ba. Rabin lodin nawa, rabi na wani ɗan kasuwa da ya biyo mu.

Muka gangaro da baƙin ruwa, wannan da ke tasowa daga duwatsun Gini ya daɗe a fadamun Mali, sai cikin hunturu yake iso mana. Shi ke rufe duwatsun Labbezanga har jirgi mai lodi ya wuce. Duk da haka a nan muka gogi dutse. Na ji shi a ƙafata, ɗan gurr kawai. Na leƙa ban ga komai ba. Yara suna kwasar ruwa dare da rana kamar kullum, ba wanda ya lura ya ɗan ƙaru.

Mun iso Yelwa bayan isha'i, hazo ya rufe gari. Tun kafin mu ɗaure igiya wani ya yi mini ihu daga gaɓa cewa an haifa mini ɗa namiji, har an yi suna. Duk da haka na ce a kira 'yan dako. Ɗan kasuwar nan ya dafa kafaɗata, ya ce, "Haba maigida, dakon dare kuɗi biyu ne. Je ka ga ɗanka, mai gadina zai kwana a ciki, komai ya faru a wuyana." Yarana sun riga sun watse, kowa ya nufi gida, ba wanda ya ji. Na tafi.

Ga abin da ban yi tunaninsa ba, kai kuma ka riƙe shi. Jirgin da ke tafiya yana da masu kwasar ruwa, ƙaramin yoyo ba ya nunawa. Da an ɗaure shi kowa ya tafi, ruwa sai taruwa, jirgi na ta zama a hankali. Katakon sama kuwa iskar hunturu ta busar da shi wata da watanni, bakinsa ya buɗe. Da ruwa ya kai nan, ta ko'ina yake shiga. Ko maɗaci ne, ba ruwansa.

Da asuba na zo na tarar da hancin jirgi a sama, bayansa da inji a cikin ruwa, kwanduna na yawo cikin kainuwa. Mai gadi bai taɓa zuwa ba. Ita banda idan ta sha ruwa ta gama, ka mayar da ita kan wuta ta farfashe, ka bar ta ta yi tsutsa. Masu saye su kai Anacha suka zo suka shinshina suka wuce.

Asarar kifi ƙaddara ce, na karɓa. Abin da har yau nake jin ɗacinsa a maƙogwaro shi ne gaban manya, da mutumin nan ya dube ni ido cikin ido ya ce bai taɓa yi mini maganar mai gadi ba, ni na gudu na bar masa dukiya. Wata huɗu muna cin tuwo a kwano ɗaya! Da zazzaɓi ya kwantar da shi a Ansongo ni na yi jinyarsa. Ba ni da shaida, kaya kuma amana ne a hannun mai jirgi har sai an sauke. Na biya. Na gyara injina, Yamaha mai doki 40, na sayar da shi, na koma tuƙa jirgin wani shekara uku, ni da tun ina ɗan shekara 12 nake riƙe da gora a bayan babana.

Ku kuma yaran yanzu abin naku ya fi haka. Kuna hango fitilun gari kowa ya zaro waya yana cewa a ɗora ruwan wanka. Tafiyar kwana biyu zuwa Gaya kuke kira doguwa, ku dawo kuna miƙa kamar kun je Makka a ƙafa. Hanyar Gao ma rashin tsaro ya rufe ta, balle ku san mene ne wata huɗu a kan ruwa. In an ce ku cusa tsumma a tsaga sai ku shafe da kwalta a sama don ido ya gani. A Mali na ga masu haɗa jirgi suna turmusa tsumma da man kaɗanya, suna dannawa da bakin ƙarfe kaɗan-kaɗan, yini guda a kan katako biyu.

Jibi jirginmu zai iso, wataƙila da dare. Kai za ka tsaya a kan sauke kaya, kuma a ciki za ka kwana. Duk wanda ya ce a bari sai safe, ko Alhaji ne, ka turo a tashe ni. Sayi batir sabo ka sa a tocila.