Waya ko kwamfutar shago: ina ya kamata a ajiye USDT?

Alhaji, ka ce abokan cinikinka na Kuseri da Njamena da USDT, kuɗin kirifto mai bin darajar dala, suke biyanka, kana tambaya ko ka kwashe kuɗin daga waya ka mayar kan kwamfutar shago don ta fi tsaro. Da ni ne, wallahi ba zan mayar ba.

Na daɗe ina gyaran kwamfuta a nan Garwa. Yawancin waɗanda ake kawo mini Windows ɗinsu na bayan fage ne, manhajojin ma haka, ga filashin kowa na shiga yana fita. Akwai cutar da ke laɓewa a ciki, da ka kwafi adireshin walat (asusun kirifto) sai ta musanya shi da na ɓarawo kafin ka manna. Na gani da idona a injin wani mai shago: harafin farko T ne, yadda adireshin Tron, hanyar da ake tura USDT a kai, yake farawa, sauran duk an sauya. To wa ke zama ya karanta haruffa 34 ana tsakiyar ciniki? Kuɗin kuma in sun tafi sun tafi. Ko banki ba ka da bakin kai ƙara, tunda COBAC, hukumar da ke kula da bankunan Afirka ta Tsakiya, ta hana bankunan yankinmu taɓa kirifto tun 2022.

Waya ta fi ta wannan fuskar, don kowace manhaja a killace take, ba ta leƙa 'yar'uwarta sai ka ba ta izini. Matsalarta yawo. An ɗauke wuta ka kai ta wurin mai caji, gilashi ya fashe mai gyara ya nemi lambar buɗewa, yara su ɗauka su tura wasa ta Xender, ga masu fizge a kan babur. Layin ma ana iya karɓe shi da takardun bogi, shi ya sa lambar tsaro ta SMS ba ta kwantar mini da hankali. Sa Google Authenticator, manhajar da ke fitar da lambar tsaro a cikin wayar ba ta layi ba.

Kalmomin sirrin nan 12 da ake dawo da walat da su kuwa, don Allah kada ka ɗauke su hoto. A 2025 kamfanin tsaron kwamfuta Kaspersky ya bankaɗo cutar SparkCat, wadda ke karanta hotunan waya tana neman su, kuma har cikin Play Store da App Store ta shiga. Biro da takarda, ka adana inda kake ajiye takardun gida.

Sayi waya ta biyu, sabuwa a kwali, wadda ba WhatsApp ba wasa, ta zauna a gida da babban kuɗin. Ta aljihu ka bar mata na cinikin yini. In jarin ya kai miliyoyin sefa, nemi Ledger ko Trezor, ƙananan na'urorin ajiye kirifto, amma daga kamfanin kai tsaye, ban da na hannu.