Tambayoyinku: Ban iya iyo ba, zan iya leƙen kifi a tekun Zanzibar?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min. Bayan biki maigida ya ce zai kai ni tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, kuma ina ta ganin bidiyo a waya mutane sun kife bisa ruwa da wani ƙaton tabarau da bututu a baki suna kallon kifaye, wallahi abin ya shiga raina. To amma ni ko gulbin Kwalkwalawa ban taɓa sa ƙafa ba, kuma ba zan iya irin shigarsu ba. Wane wuri ya fi, kuma ba haɗari? Daga ƙanwarki a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam amarya, Allah ya sa albarka ya ba da zaman lafiya. Rashin iya iyo ba zai hana ki ba, domin ba nutso ake yi ba, a saman ruwa za ki kwanta rub da ciki, fuska cikin ruwa, numfashi ta bututun da kansa ke waje. Amma sharaɗi biyu, rigar ceto a jikinki daga shiga kwale-kwale har fita, sannan jagora kusa da ke, ki faɗa masa tun a tudu cewa ba ki iya ruwa ba, kar kunya ta sa ki yi shiru. Teku na da igiya mai jan mutum a hankali bai sani ba, sai ya ɗaga kai ya ga jirgi ya yi nisa.

Wurin da aka fi kai baƙi shi ne kewayen tsibirin Mnemba, ana tashi daga Matemwe ko Nungwi. Ruwan garau yake, sai dai jirage sun yi masa yawa, in ba da sassafe kuka je ba ƙafafun mutane za ki fi gani. Shi tsibirin kansa ba a sauka, na masu masauki ne. Ni in son raina ne Chumbe zan ce, yana kudu da tsohon garin Zanzibar, tun 1994 aka killace shi ba a kamun kifi, kuma mutane ƙalilan suke karɓa a rana, shi ya sa murjaninsa, wato halittar nan mai kama da dutse a ƙarƙashin ruwa da kifaye ke taruwa a kai, ke da rai, kuɗinsa ne dai ya ɗan fi. Ku kauce wa Maris zuwa Mayu, lokacin ruwan sama ne mai yawa, Yuni zuwa Oktoba ya fi.

Ranar da na fara, abin da ya firgita ni ƙarar numfashina ce cikin bututun, huu huu kamar zugazugin maƙeri, na ɗago da sauri na sha ruwan gishiri. Ki fara gwadawa inda ruwa bai wuce ƙugu ba har zuciya ta kwanta. Tabarau zai yi hazo, maganinsa ki tofa ɗan yawu a gilashin ki goga ki ɗauraye. Da na natsu sai na ji wani ƙaras-ƙaras, ashe kifi ne kore da shuɗi mai baki irin na aku yana gwaguyar dutsen murjani, abin da yake kasayarwa kuma farin yashi ne.

Roƙona gare ki, kar ki taka murjani kar ki taɓa shi, kar ki ɓallo na tsaraba. Kamar dutse yake a ido amma halitta ce mai rai, shekara guda 'yan santimita kaɗan yake ƙaruwa, ga zafin teku na ta kashe shi yana mai da shi fari fat. Kuma yana yanka, ciwonsa ba ya saurin warkewa. Ki sa takalmin roba saboda wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke kwance a ƙasa.

Batun sutura kuwa, akwai kayan iyo na mata masu rufe jiki har kai, kuma yawancin mutanen Zanzibar musulmi ne, ba wanda zai kalle ki. Dogon hijabi dai ki bar shi a jirgi, in ya jiƙe nauyi yake yi ya nannaɗe ƙafa.

Tambaya: Anti, me ya sa sai an fita waje, ba ga teku a Legas ba? Daga wani ɗalibi a Runjin Sambo.

Amsa: Ɗana, murjani na son ruwa mai haske da hasken rana ke ratsawa, mu kuwa koguna irin su Neja na kwararo laka cikin tekunmu ga igiya mai ƙarfi. Dubi Bahar Maliya, babu wani babban kogi da ke zuba cikinta, shi ya sa gaɓar Jidda da kuma yankin Ras Muhammad na Masar, wanda aka killace tun 1983, ke cike da shi.