Ana kiran ɗana "Ƙaura", shi kuma ya fara amsawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da yaro ɗan shekara 15, yana aji ɗaya na babbar sakandare a nan cikin garin Katsina. A zangon da ya wuce ya yi faɗa da wani yaro har ya fasa masa baki, tun ranar 'yan ajinsu suka laƙaba masa Ƙaura, sunan da ake kiran ɗan daba da shi a garin nan. Da farko ransa ɓaci yake, yanzu kuwa amsawa yake yi, har ya sa sunan a WhatsApp ɗinsa. Wani malaminsu ma da shi yake kiransa. Babansa ya ce in bai daina ba gidan mari zai kai shi. Ban taɓa kama shi da wuƙa ko kayan maye ba. Shin suna kawai zai iya lalata yaro? Daga wata uwa a Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a. Zai iya, amma ba a kwana ɗaya ba, kuma kin farga da wuri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne inda kika ce da ransa ɓaci yake, yanzu ya koma amsawa. Yaro ba ya rungumar sunan da ya ƙi sai ya ga amfaninsa. Ki duba ta wajensa: kafin faɗan nan wataƙila ba wanda ya san da zamansa a aji mai cike da ɗalibai. Yau in ya shigo ana matsa masa a benci, manyan aji suna miƙo masa hannu, wanda ke ƙwace masa biro ya daina. A shekara 15 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako da taka wa mutum burki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali son a san da kai a cikin tsara ya riga ya kai ƙololuwa tun yanzu.

Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Edwin Lemert, ya bambance laifi iri biyu tun 1951. Akwai na farko, wanda kowane yaro kan iya yi ya wuce, kamar faɗan da ɗanki ya yi. Akwai na biyu, wanda ke biyo baya in jama'a suka ɗaura wa mutum suna, suka koma mu'amala da shi bisa sunan, har shi ma ya yarda cewa haka yake. Na biyun ne abin tsoro, domin sunan yana zuwa da aikinsa. Wanda ake ce wa Ƙaura, ran da rigima ta tashi a filin ƙwallo shi za a tura gaba, in ya ja da baya a yi masa ihu. Iyayen yaran kirki su fara cewa kada a sake ganinsu da shi. Sai ya waiga ya ga ba mai maraba da shi sai ƙaurayen gaske, waɗanda kowa a garin nan ya san ɓarnarsu, kuma su kullum neman sabon yaro suke.

Haka abin yake ga wanda aka laƙaba wa daƙiƙi, ko baƙauye, ko yarinyar da aka ce mata 'yar iska don an gan ta sau ɗaya tana magana da saurayi a bakin layi. Yana kuma ci mini rai yadda yaran da rashin tsaro ya koro daga Batsari da Jibiya da Safana suke shan wannan a makarantu, balle ɗan Fulani da ake tsokana da ɓarawon daji, alhali wataƙila shanun gidansu aka fara korewa. Wasu za su ce ai wasa ne, mun gada. Barkwancin Bakatsine da Banufe ko Bafulatani da Babarbare kowa na ramawa, a yi dariya a watse. Wannan kuwa aji guda ne a kan yaro ɗaya. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi ƙarara.

Maganar malamin nan kada ki bar ta ta kwana. A 1968 wasu masu bincike biyu, Robert Rosenthal da Lenore Jacobson, suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a wata firamare a Kalifoniya. Sun gaya wa malamai cewa wasu yara za su yi fice a shekarar, alhali da ka aka zaɓe su. Ƙarshen shekara yaran suka fi sauran ci gaba a gwajin basira, musamman na ƙananan azuzuwa. Binciken da ya biyo baya ya nuna tasirin bai kai yadda aka zata da farko ba, amma ya fi ƙarfi a kan yaran da dama ake yi wa kallon raini. In malami ya kira shi Ƙaura a gaban aji, ya buga wa sunan hatimi ke nan. Ku je ke da babansa, ku ga malamin a keɓe, ba da faɗa ba. Ku roƙe shi ya koma kiran yaron da sunansa na yanka, in da hali ya ɗora masa wani nauyi a aji, ko da tattara littattafan aiki ne.

Gidan mari kuwa, don Allah ki lallashi maigidan ya janye. Ba mu manta abin da aka gani a watan Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Daura da cikin Katsina, aka fito da mutane da mari a ƙafa da tabon duka a jiki. Yaron da faɗa ɗaya ya yi, in aka kulle shi da masu shaye-shaye, an tabbatar masa da abin da 'yan ajinsu ke faɗa, an kuma haɗa shi da malaman ɓarna.

A gida, kada ki buɗe zancen da "cire sunan nan". Ki bari sai ku biyu, misali bayan isha yana cin tuwo, ki tambaye shi wa ya fara kiransa haka, me ya jawo faɗan ranar, me yake ji in an kira shi. Sau da yawa a nan uwa ke jin cewa an daɗe ana cin zalinsa kafin ya rama. Ki kuma lura da bakin mutanen gida. In ya yi laifi a faɗi laifin, "ka doki ƙanenka, ban ji daɗi ba", a bar "kai dai ɗan iska ne". Sannan a nema masa wurin da za a san shi da wani abu daban: shagon gyaran waya ko ɗinki bayan an tashi makaranta, ƙungiyar ƙwallo mai koci tsayayye, ko musabaƙa a Islamiyya in yana da ƙoƙarin hadda. Sai ya sami inda ake girmama shi ba don tsoro ba zai saki wancan sunan da kansa.

Ki ci gaba da sa ido ba tare da kin mai da shi abin tuhuma ba. In kika ga jan ido, barcin rana mai nauyi, kuɗi na ɓata a ɗaki, kwanan waje, ko kwalbar maganin tari da fatar ƙwaya a aljihun wandonsa wajen wanki, to lamarin ya wuce suna. A nan sai ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko sashen ba da shawara na NDLEA, hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, kada ku tsaya jiran hutun makaranta.