Aika wa edita tayin rubutu ta imel

Malama, kin ce kin aika wa editoci tayin rubutu, shiru kamar an shuka dusa. Ni ma na sha haka.

Fara karanta shafinsu ki ga abin da suke bugawa. A taken saƙo sa batun kai tsaye, misali "Majema fata a Birnin Damagaram". Gaisuwa layi guda ta isa. Da nauyi a wurinmu, amma edita sauri yake. Faɗa masa kina Zinder, idonki ya gani, abin da shi ba ya da shi ke nan. Kada ki watsa saƙo ɗaya ga kowa. Bayan mako guda ki tuna masa sau ɗaya. In maganar kuɗi ta taso, nuna wa gogaggen ɗan jarida yarjejeniyar kafin ki sa hannu.